Je Ka Zauna, Musbahu

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin Musbahu Garba Dayi a Jikwoyi, abin da idonsa ya fara sauka a kai shi ne bangon yamma, wanda aka shafe da baƙin fenti tun daga ƙasa har iyakar inda hannun dogon mutum zai kai. Masu shigar ma ba su da yawa. Mai gidan ya taɓa leƙawa, ya tsaya riƙe da ƙugu yana kallon rubutun alli da ya cika bangon, ya ce in ma tsafi ne shi ba ruwansa, amma ranar tashi sai an mayar masa da farin fentinsa. Musbahu ya ce ba tsafi ba ne, lissafi ne. Mai gida ya ce shi duk ɗaya ne a wurinsa.

Musbahu ma'aikaci ne a ɗaya daga cikin ma'aikatun gwamnatin tarayya, sashen tsare-tsare, can hawa na sama inda na'urar hawa ta daɗe da daina kaiwa. Dogo ne siriri, furfura ta fara cin gefen kansa, kuma kusan kullum akwai garin alli a bakin hannun rigarsa. A ofis ana kiransa Furof. Ba don girmamawa ba ne, tsokana ce, domin ko digirin dokta bai gama ba. Manniru, wanda teburinsa ke kusa da nasa, shi ya raɗa masa sunan, kuma shi ne ba ya gajiya da tambayarsa, “Oga Furof, wai wannan lissafin naka yana ƙara wa mutum level ne?” Musbahu sai ya yi murmushi ya ce ba ya ƙarawa. Ba ya jin haushi. Manniru ne kaɗai a duk ginin da ya san ma akwai wani lissafi.

A Dayi aka haife shi, kusa da Malumfashi, ɗan tela. Tun yana ƙarami an san shi da taurin kai iri mai ban haushi: ba ya musu, ba ya ɗaga murya, amma in ka gaya masa abu sai ya tsaya yana kallonka har sai ka kawo dalili. Malamansa na firamare sun sha dukansa a kan haka, daga baya suka gane duka ba ya cire wannan cuta, suka tura shi gaba. Da ya shiga jami'a ya zaɓi lissafi, mahaifinsa ya tambaye shi ko banki zai yi aiki. Ya ce bai sani ba tukuna. A shekararsa ta uku ya faɗa hannun Dokta Obadiah, daga nan maganar banki ta mutu.

Dokta Obadiah Bagwari ne mutumin Yangoji, gajere mai faɗin kafaɗa, mai tafiya kamar wanda ya makara zuwa gona. Yana da ɗabi'u biyu da duk wanda ya zauna a ajinsa ba ya mantawa. Ta farko, a kowane darasi sai ya dasa ƙarya guda da gangan a tsakiyar bayani, ya faɗe ta da fuskar gaskiya, ya wuce. In aka tashi ba wanda ya kama ta, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Yau ni kaɗai na zo aji.” Ta biyu, a wurinsa hujja ba ta zama hujja sai mai ita ya miƙe a gaban allo, ba takarda a hannunsa, ya faɗe ta da baki daga farko har ƙarshe a gaban wanda zai iya tsayar da shi. Shi kuma yana zaune a baya da makullin babur ɗinsa. In ka yi tsalle a kan wani mataki, sai ka ji ƙwas-ƙwas a kan tebur, sannan murya ta biyo: “Wa ya ce?” In kuwa ka kai ƙarshe lafiya, ba ya yabo, ba ya tafi. Abin da zai ce kawai shi ne, “Je ka zauna.” Akwai ɗaliban da suka gama jami'a ba su taɓa jin wannan magana daga bakinsa ba.

Musbahu ne mai kama ƙaryar, kusan kullum. Yana zaune a gefen taga sai ka ga ya ɗaga yatsa ɗaya a hankali, kamar mai jin kunyar katse babba. Dokta ya kan juyo ya harare shi, amma duk ajin sun san hararar ta jin daɗi ce.

Abin da Dokta ya ƙware a kai wani lungu ne na lissafi da ko masu lissafin ma ba kowa ke leƙawa ba. Ga yadda yake buɗe shi ga sababbin ɗalibai. Ya ce a ɗauka an ba ka buhu a ɗaure, cike da wasu abubuwa da ba a yarda ka gani ba. Abin da aka gaya maka kawai, ana iya tara biyu daga cikinsu a sami na uku, ana iya ninka wannan da wancan, ana iya cewa wannan ya fi wancan, kuma kowanne yana da girman da ake aunawa. Irin wannan buhun suke kira aljabra mai jeri da ma'auni. To mene ne a cikin buhun? Amsar da magabata suka gano, wadda ta hana Musbahu cin abincin rana ranar da ya fara jin ta, ita ce: in buhun ya cika wasu sharuɗɗa, akwai wani fili a ɓoye a bayansa, kuma kowane abu na cikin buhun ba komai ba ne illa wata shimfiɗa ta tudu da kwari a kan filin nan. Duk inda ka sa ƙafa, abin yana da tsayinsa a wurin. In ka gusa kaɗan, tsayin ya canza kaɗan, babu tsalle, babu tsinkewa. Tarawa ta koma tara tsayi da tsayi a kowane wuri, fifiko ya koma wannan ya fi wancan tudu a ko'ina. Kuma ba wanda zai miƙo maka filin, daga cikin buhun za ka tono shi da kanka.

Sai dai akwai rami a hanyar, ramin da Dokta ya fi tsana a ga ɗalibinsa a ciki. Wasu buhunan suna ɗauke da wani irin ƙanƙanin abu wanda ba sifiri ba ne, amma ko sau nawa ka tara shi ba zai taɓa kai ɗaya ba. Irin wannan, in ka shimfiɗa shi a kan filin, duk inda ka duba sifiri za ka gani, alhali yana nan. Saboda haka ba ka da ikon cewa “tunda ban gan shi a ko'ina ba, to babu shi,” sai ka fara nuna buhunka ba ya ɗauke da waɗannan ƙananan. Duk ɗalibin da ya manta da wannan, makullin babur har tsalle yake yi a kan tebur.

Da Musbahu ya fara digirin dokta, aikin da Dokta ya ɗora masa shi ne ya nuna cewa ɗaya daga cikin sharuɗɗan da ake gindayawa ba a bukatarsa, sauran sun wadatar. Ya yi ta fama har ya ga kamar ya kai. Ranar da ya miƙe a gaban allo ya yi nisa, ya wuce rabi, zuciyarsa har ta fara murna, sai ya ji ƙwas-ƙwas.

“Wa ya ce?”

Ya tsaya da alli a hannu ya duba matakin. Gaskiyar Dokta ce, akwai giɓi, ƙarami amma giɓi. Ya ce zai dawo da shi mako mai zuwa.

Makon bai zo ba. Aka shiga yajin aiki mai tsawo, mahaifinsa ya kwanta ciwon da bai tashi ba, ƙanne suka zuba masa ido, ga matarsa Nazeefa da cikin fari. Wani ɗan garinsu ya samo masa gurbi a Abuja, kuma mutum mai nauyi irin wannan ba ya cewa a jira shi ya toshe giɓi a cikin aljabra. Ya je ya yi wa Dokta sallama. Dokta bai yi masa faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo ke nan. Ya dai ce, “Ba ka zauna ba tukuna, Musbahu. Kana tsaye.” Musbahu ya ce ya sani, Malam.

Haka ya zo Abuja, haka kuma ya zauna shekara ashirin da ɗoriya. Iyalinsa bai taɓa kawo su ba, sai dai ziyara, domin ɗaki ɗaya a Jikwoyi ba wurin renon 'ya'ya ba ne. Nazeefa tana Malumfashi tana koyarwa a makarantar 'yan mata, shi yana zuwa ƙarshen wata in hanya ta yi kyau. 'Ya'yan suka girma suna saninsa a matsayin baƙo mai kawo burodi da lemo. Babbarsu, Nana Aisha, har ta yi aure. Ranakun aiki yana fita bayan sallar asuba don ya riga cunkoson Nyanya, wanda ba a taɓa riga ba, ya dawo bayan magariba a gajiye. Asabar da Lahadin da bai yi tafiya ba, nasa ne shi da bango.

Maƙwabtansa sun saba jin muryarsa ta taga da hantsi, yana bayani dalla-dalla kamar mai aji cike da mutane. Wata mata mai sayar da gawayi a gidan ta daɗe tana zaton waya yake yi. Da ta gane ba kowa a ɗakin, sai ta fara gaishe shi da wata irin ladabi ta musamman, irin wadda ake yi wa wanda ake tausayi. Shi bai lura ba. Abin da ya dame shi daban ne: yana iya yin bayanin, amma bango ba ya tsayar da mutum. Ya kan yi ƙoƙarin zama Dokta da kansa, ya ƙwanƙwasa makullin ɗakinsa a kan kujera ya ce wa ya ce, sai kuma ya ji abin ya zama wasan yara. Mutum ba ya iya kama ƙaryar da shi bai san ya yi ba.

Ba wai bai nemi mai saurare ba. Ya taɓa zuwa wajen wasu matasan malaman jami'a, suka karɓe shi da mutunci, suka ba shi kujera da ruwan sanyi, suka ce wannan fannin ai tsohon yayi ne, su yanzu lissafin na'ura suke yi. Ya taɓa aika saƙo ga wani masani a ƙasar waje, shiru. Nazeefa kuwa ta ji labarin buhu da fili har ta haddace. Tana tsince shinkafa yana zuba, in ya tsaya ta ce, “Allah ya ba da sa'a, Baban Nana.” Ba ta gane lissafin ba, ba ta kuma taɓa yin kamar ta gane ba. Amma abu ɗaya ta riƙe da kyau: akwai wani tsoho da mijinta ke jiran ya ce masa je ka zauna, kuma har sai an faɗi wannan magana, rabin mijin nata yana wani wuri da ita ba ta iya zuwa.

Mai hankali zai ce ya rubuta abin ya aika wa mujallar masana mana, su duba. Manniru ma ya faɗa masa haka. Amma taurin kan ɗan telan Dayi bai je ko'ina ba. A wurinsa abin da ba a faɗa a tsaye a gaban mai tsayarwa ba, bai isa a sa masa suna a kai ba. Kuma a duk faɗin ƙasar nan mutum ɗaya ya sani da zai iya tsayar da shi a daidai wurin da ya kamata.

Giɓin ya toshe ne wata ranar Talata da yamma, a cikin bas, a tsakiyar cunkoso kafin gadar Nyanya. Yana matse tsakanin wata mata mai kwandon tumatir da wani soja mai barci, yana kallon bayan wata tankar ruwa, ba ya ma tunanin komai, sai abin ya zo masa gaba ɗaya. Ashe shekarun nan duk ta ƙofar gaba yake ta turawa, alhali in ya fara tono filin tukuna, sharaɗin da yake son cirewa da kansa yake faɗowa. Ya so ya gaya wa wani, ya juya dama ya juya hagu, sojan yana minshari. Da ya isa gida bai cire takalmi ba ya hau rubutu a bango, ya bi abin daga farko, ya sake bi. Makonni ya yi yana neman inda zai karye, bai samu ba. Sai murna ta koma tsoro, domin ya san wancan karon ma haka ya ji.

Rabonsa da Dokta tun wata gaisuwar Kirsimeti ta waya da aka daɗe da yi. Kunya ce ta hana shi, kunyar kiran mutum ba tare da abin da ya aike ka ba. Ya san dai Dokta ya yi ritaya ya koma Yangoji yana noman doya. Ya lalubo tsohuwar lambar, matar Dokta ce ta ɗauka, Mama Serah, wadda a da take ba su kunun gyaɗa in sun je gidan.

“Musbahu? Wanda yake dogo ɗin nan? Kai, ɗana, ka ɓace!” Ta yi dariya, sannan muryarta ta sauka. “Baba yana nan, amma kai nasa ba ya zama wuri ɗaya yanzu. Wani rana ya san ni, wani rana ya tambaye ni ina Serah ta tafi. In za ka zo, ka zo da safe. Da safe ne yake da ɗan dama.”

Musbahu ya ajiye wayar ya zauna a bakin katifa. Yangoji ba ta da nisa, duk cikin Abuja ce, mota biyu ko uku ce tsakani. Shekarun nan duk tsohon yana nan kusa, da hankalinsa garau, shi kuma yana nan yana magana da bango.

Ranar Asabar ya sa farar shaddarsa ta Juma'a, ya zuba alli a aljihu, bai ɗauki ko ƙyallen takarda ba. Ya bi ta Nyanya ya shiga gari, ya hau motar Gwagwalada, daga can ya sami ta Kwali. Ƙarshen damina ne, ciyawa ta yi tsayi a gefen titi, mata suna tafe da doya a kafaɗa. Duk hanyar yana maimaita matakan a zuci, yana kuma roƙon Allah abu ɗaya, ya tarar da safiyar mai kyau ce.

Ya sami Dokta a zaune a gindin mangwaro cikin kujerar roba, an lulluɓa masa zane a gwiwa. Kafaɗun nan sun zube. Musbahu ya durƙusa ya gaishe shi.

“Malam, ina kwana. Musbahu ne.”

Tsohon ya dube shi da fara'a sosai. “Sannu da zuwa, sannu da zuwa. Kun gyara famfon?”

“Baba, ɗalibinka ne,” in ji Mama Serah da ƙarfi a kunnensa. “Musbahu, na lissafi.”

“Lissafi,” Dokta ya maimaita, kamar yana ɗanɗana kalmar. Sai ya gyara zama. “To, ina allo?”

Allon yana nan, wanda Dokta ya taho da shi daga jami'a, sai dai an kwantar da shi a kan duwatsu a tsakar gida ana shanya barkono a kai. Mama Serah ta kwashe barkonon a tire, ta goge allon da jiƙaƙƙen tsumma, suka kama shi tare suka jingina a jikin mangwaron. Har ya bushe yana ƙamshin yaji, Musbahu ya yi atishawa, tsohon ya yi dariya. Ita kuma ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon makulli ta danƙa a hannun mijinta. Babur ɗin an daɗe da sayarwa, ta ce, amma makullin ya hana a yar.

Musbahu ya yi bisimilla a zuci ya fara. Ya kafa buhun, ya jera sharuɗɗan, ya faɗi wanda zai cire. Ba a daɗe ba hannunsa ya saki. Rabonsa da yin magana irin wannan a gaban idon mutum har ya manta daɗinta. Dokta ya tsura wa allon ido, makulli a dunƙule a hannu, yana gyaɗa kai a hankali. Musbahu ya tono filin, Dokta ya gyaɗa kai. Ya iso tsohon giɓin, inda aka tsayar da shi yana matashi, ya rage sauri, ya bi sabuwar hanyar taki-taki, yana sauraron ƙwas-ƙwas da duk jikinsa. Bai ji ba. Ya waiwaya, Dokta yana gyaɗa kai yana murmushi.

Daɗi ya kama shi har idonsa ya kawo ruwa. Ya juya ga allo zai ci gaba, sai wani abu ya tsaya masa a rai. Gyaɗa kan nan bai canza ba tun da aka fara. Dokta na da ba ya gyaɗa kai, ba ya murmushi, zama yake yi fuska a murtuke kamar wanda aka zo karɓar gonarsa. Musbahu ya tsaya da alli a sama. Yana iya wucewa, ba wanda zai sani. Saura kaɗan ya kai ƙarshe, ya karɓi abin da ya zo nema, ya hau mota ya koma. Wallahi ya so ya wuce. Amma shi ne yaron da ke zama a gefen taga, kuma a wurin mutumin nan ya koyi yadda ake gane ko akwai kowa a aji.

Sai ya dasa ƙarya. Bai zaɓi ƙarama ba, ya zaɓi wadda ko a mafarki Dokta ba zai bari ta wuce ba. Ya ɗaga murya, ya faɗe ta da fuskar gaskiya, yana rubutawa da manyan baƙaƙe:

“To, Malam, tunda wannan abin sifiri ne a duk inda muka duba a filin, shi kansa sifiri ne. Babu shi. Ba sai mun duba komai ba.”

Ya tsaya. Bai juyo ba. Yana jin kaji suna tono a bayan kujera, yana jin wata babbar mota tana wucewa can a titin Lokoja. A ransa yana cewa, ƙwanƙwasa, Malam, don Allah ƙwanƙwasa.

“Madalla,” in ji Dokta Obadiah, da murya mai taushi. “Madalla, yaro. Je ka zauna.”

Mama Serah, wadda ke tsaye a bakin madafa, ta tafa hannu. Ita ma ta san nauyin maganar, ta sha jin ɗalibai suna kuka a kanta a falonta. “Ka ji! Ya faɗa maka! Kai, Musbahu, yau ka yi sa'a!”

Musbahu bai zauna ba. Ya daɗe yana kallon layin da ya rubuta. Baƙin ciki ya taso masa irin wanda bai ji ba ko ranar da aka binne mahaifinsa, domin a ranar akwai mutane a gefensa da suka san abin da aka rasa. Ya sa bakin hannun farar shaddarsa ya goge layin. A hankali, yadda shi kaɗai zai ji, ya ce, “Wa ya ce?” Sannan ya koma ya nuna buhun ba ya ɗauke da ƙananan, yadda ya kamata, ya bi sauran matakan ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, bai tsallake ko ɗaya ba. Kafin ya gama, tsohon ya yi barci, makullin ya zame ya faɗi a kan zanen.

Mama Serah ta kawo masa doya da manja, ta zauna kusa da shi tana kora ƙudaje daga fuskar mijinta. Ta ce rabon Baba da ya zauna tsawon haka bai tashi yana neman hanyar gidansu ba, alhali yana cikin gidan, ta manta. Ta ce in yana da hali ya riƙa zuwa, ko wannan lissafin ne ya sake yi masa, ai ba zai san an taɓa yi ba. Musbahu ya ce in sha Allahu zai zo. Ya ci doyar kaɗan don kada ta ji babu daɗi. Da zai tafi ya wanke allon da kansa, suka mayar da shi kan duwatsun, ya taya ta baza barkonon.

Yana tsaye a bakin titi yana jiran motar Gwagwalada wayarsa ta yi ƙara. Nazeefa ce. Ta san inda ya je, tun safe take zaune da wayar a cinya.

“Baban Nana, ka gan shi? Ya saurare ka?”

“Na gan shi.”

“To me ya ce?”

Musbahu ya dubi hannun rigarsa, fari a kan fari, allin ma ba ya nunawa. Bai taɓa yi mata ƙarya ba, yanzun ma ba ƙarya zai yi ba.

“Ya ce in je in zauna.”

Sai ya ji ta saki guɗa, matar da bai taɓa jin ta yi guɗa ba ko a bikin 'yarta. Tana dariya tana kuka tana kiran yaran gidan su zo su ji, tana cewa alhamdulillahi, yau dai an sako mata mijinta. Ya buɗe baki zai ƙara wani abu, ya rasa ta inda zai fara, domin kafin ta gane sai ya koma tun daga buhun. Ya bar ta ta yi murnarta.

Mota ta tsaya, yaron motar yana kiran Gwagwalada, saura mutum ɗaya. Musbahu ya ɗaga masa hannu alamar su wuce. Yana nan tsaye da wayar a kunne, yana cewa amin, amin.